An Auna Jakata A Bayan Wani

Zuwa ga Malam mai filin shawara,

Don Allah ka agaza mini, abin da ke cina ya fi wata guda, kuma duk wanda na soma gaya wa a garinmu dariya yake yi tun ban kai tsakiya ba. Laifina ne, ni na saba musu da haka. Ka yi haƙuri da rubutuna. Shekara biyu na yi a lakwal, makarantar boko ta Dogon Dutsi, kafin mushe, wato malaminmu, ya gane ni da alli ba za mu shirya ba, sauran bokon kuwa wurin fataken da ke kawo jaridarku daga Sakkwato na tsince shi. Ni mutumin Sukukutane ne, nan ƙasar da Faransa ke mulki, manomi, uban 'ya'ya shida, kuma gajere.

Ina da amini, sunansa Sama'ila. Rana ɗaya aka yi mana kaciya, tabarma ɗaya muka yi jinya. Shi Allah ya ba shi tsawo, in muna tafe tare sai mata su ce ga taɓarya ga turmi. Da aka zo ɗibar soja shi aka ɗauka, ni kumandan ya dube ni sau ɗaya ya ce in koma gida. Ya yi yaƙin Nasara ya dawo da tari, da lambar ƙarfe, da labarin wata jaka mai maɗauri biyu da sojan Faransa ke goyawa a baya, wadda ya ce da ita ya taka ƙasashe hannuwansa a sake. An karɓe ta ranar da aka sallame su. Shekara tara yana kewar jakan nan a gabana fiye da yadda yake kewar haƙoran da ya baro can, ban taɓa kawo komai a raina ba.

Bana babban ɗana Inusa, mai ɗinki a Tibiri, ya aiko cewa matarsa Sa'a na da ciki. In namiji ne sunana za a sa, kuma ni yake so in raɗa wa yaron suna a gaban surukansa. Jikana na fari ke nan. Daga nan zuwa Tibiri kwana huɗu ne a ƙasa, rairayi kusan duk hanya. Jakina ya mutu bara, har yanzu ni ke riƙe da muƙaminsa. Na ce zan ɗaure ƙunshi in ɗora a ka yadda ubana ya yi. Sama'ila ya ce ina, kakan yaro ba ya shiga garin surukai da ƙunshi kamar mai tallan kuka, jakar soja zan sa a ɗinka mini. Na yarda nan take, don na riga na hango mutanen Tibiri suna tashi tsaye.

Na ba da fatun awaki huɗu waɗanda matata Ladidi ta daɗe tana ajiya. Lokacin girbi ne, gero na zube a gona. Sama'ila ya ce kada in bar aiki, shi zai je wurin baduku a Dogon Dutsi ranar kasuwa, shi ya san fasalin jakar, bayana kuma ya san shi kamar nasa. Har godiya na yi masa, Malam, har da rakiya zuwa bakin gari.

Jaka ta iso, ja, da tuntaye, kyakkyawa ƙwarai. Da na goya ta, bakinta ya wuce hulata, gindinta yana dukan bayan gwiwoyina. Ladidi ta zagaya ni sau biyu ta ce ita dai jaka take gani da ƙafafu, a nemo mata mijinta. Sama'ila ya ce haka sabuwa take, in ta ji kaya za ta zauna.

Kaya kuwa ta ji. Ban san yadda kuke yi a can ba, amma a nan in an ji za ka yi tafiya, duk mai ɗan'uwa a hanyar sai ya kawo maka saƙo, kuma ba a cewa a'a sai in ido ya ga babu wuri. Ni kuwa wuri nake da shi wanda za a kwantar da maraƙi. Kayana na kaina ba su cika rabinta ba: riga, bargo, garin fura, zanen mai jego, goro, da kanwa da man shanu da Ladidi ta haɗa. Sai maƙeri ya kawo ruwan gatari biyu na ƙanensa. Wata gwaggota ta kawo tukunyar ƙarfe, ta cika ta da wake don kada ta tafi haka nan. Matar liman ta kawo ɗan dutsen niƙa, ta ce ɗiyarta ta ce duwatsun Tibiri ba su da kaifi. Duk wanda ya zo sai ya leƙa ya ce kai, akwai wuri, ni ina ta fara'a kamar mai mota. Sama'ila, da zai raka ni, gafaka ya rataya da gora.

An haihu ranar Litinin, namiji. Mai raƙumi ya iso mana da labari ranar Laraba, muka tashi Alhamis da asuba. Babu kwana ɗaya na wasa a ciki.

Ranar fari maɗauran suka yi ta zamewa daga kafaɗuna, don faɗinsu ba nawa ba ne. Na yini ina riƙe su da hannu biyu, hannuwan nan da aka ce za su zama a sake. Kowane taki jakar ta doki ƙafata, ƙafar ta nutse cikin rairayi. Rana ta biyu ruwan gatari ya sami wurin zama tsakanin haƙarƙarina, fata ta saluɓe. Rana ta uku, mun wuce Dogon Dutsi, a bakin wata rijiya da Fulani ke shayar da shanu, na durƙusa in sha ruwa jakar ta kifar da ni. Na kwanta rigingine a kanta ina wutsil-wutsil kamar kunkuru, sai da makiyaya biyu suka kwance ni.

A nan na yi maganar da ta kashe ni. Cikin zafin ciwo na ce wa Sama'ila ya ɗauke ta, na ba shi halak malak, kada in ƙara ganinta a bayana. Ka san ko ɓarin goro aka ba mutum yakan ce a'a, ka bar shi, kafin ya karɓa. Sama'ila bai ce ba. Ya ce ya gode, Fulani shaida ne. Ya sunkuya ya goya ta, ta zauna masa daga wuya zuwa ƙugu kamar da ita aka haife shi. Na gani, amma ciwo bai bar ni na yi tunani ba. Ya ce bari ya yi gaba don kayan mai jego su isa kan lokaci, in biyo shi a hankali.

Kwana biyu na yi a rugar Fulanin nan ruf da ciki, ana shafa mini man shanu kamar gasasshiyar zabuwa. Na shiga Tibiri ranar Talata, an cinye rago, an share ƙofar gida. Sama'ila ne ya zauna a mazaunina ranar suna, ya gaya musu na tsaya hutawa a hanya. Hutawa, Malam. Surukin Inusa ya tambaye ni cikin ladabi ko hanyar ta ƙara tsawo ne bana. Na ba su labarin kunkuru, kowa ya yi dariya har da hawaye, ban da Inusa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce sannu da hanya Baba, ya miƙo mini takwarana, bai ƙara kalma ba har na baro garin.

Da zan koma na biya wurin badukun, Ɗan'azumi, in yi masa tsiya kan ɗinkin da ya yi wa ɗan Adam kamar na raƙumi. Ya ce shi ba ya ɗinki da ka, igiya ya sa ya auna bayan wanda ya kawo fatun. Kuma mutumin da bakinsa ya ce masa a yi ta daidai shi, tasa ce, wani ne dai zai fara riƙe masa ita kwana biyu.

Ni ne wanin nan. Shekara arba'in da wani abu, ni ne wani.

Har yau ban ce masa komai ba. Kullum da la'asar yana zuwa ƙofar gidana yadda ya saba, wata rana ma da jakar a baya, ko gona zai je sai ya goya ta. Ina ɓara goro in ba shi. Da ya roƙe ni fatun nan, wallahi da na ba shi. In kai shi gaban mai gari? In ce ya maido, alhali na bayar a gaban shaidu? Ko in daina amsa sallamarsa? Kuma ina so in koma Tibiri kafin ruwa ya sauka, don shirun Inusa ya fi ciwon bayan. In ka san yadda ake zaɓen jakar da ba za ta kā da mai ita ba, ka haɗa mini da wannan.

Naka,
Gajere Mai Ciwon Baya, Sukukutane

Amsa

Malam Gajere, na yi dariya da wasiƙarka har na kai wurin baduku, daga nan ban ƙara ba. An cuce ka, kuma ba fatun awaki ne abin da aka ci maka ba. Sama'ila ya san jakar ba za ta yi maka ba, ya san ranar da kake son cimma, ya tafi a gefenka kwana uku yana kallo yana jira. Mafi muni, da ya isa Tibiri ya bar ɗanka da zaton lalaci ne ya tsai da kai.

Amma a auna ɗaya gefen. Ina kyautata zaton wayo ya shirya irin na abokan wasa, yana tsammanin za ka gaji tun ranar fari ku yi dariya ya karɓa, bai yi lissafin taurin kanka ba. Kuma bai gudu da kayan ba, ya kai wa mai jego nata. Kai ma da naka. Abin da za a ɗaura a jikinka ka aiki wani a auna, ka ga ba ta yi ba tun a tsakar gida, matarka ta gaya maka, ka tafi da ita don mutanen Tibiri su tashi tsaye. Dutsen niƙa kuwa ba Sama'ila ya sa maka ba.

Batun jaka mai sauƙi ne. Ka je da kanka. A sa igiya daga ƙashin nan da ke fitowa a gindin wuya in ka sunkuyar da kai, zuwa saman ƙashin ƙugu. Tsawon jakarka ke nan, faɗinta kuma kada ya wuce kafaɗunka. Kafin a yanka fata, ka shimfiɗa kayan da za ka ɗauka a tabarma, ka cire duk abin da za ka samu a hanya, sannan a ɗinka daidai abin da ya rage. Guzuri ba na kwana huɗu za ka ɗauka ba, na kwana biyu ne zuwa Dogon Dutsi, can ka ƙara. A yi maɗauran da faɗi, a sa musu auduga, a ƙara ɗamara a ƙugu don nauyin ya sauka daga kafaɗa. Bargo ya jingina da bayanka, abu mai nauyi ya biyo shi a tsakiya, ƙarfe kada ya taɓa jiki. In ba ka iya goya ta kai kaɗai ba tare da an ɗaga maka ba, ta yi yawa. Ka cika ta ka je gonarka mafi nisa ka dawo, sau biyu, tun kafin ranar tafiya. Ƙaramar jaka kuma za ta ce wa masu saƙo a'a a madadinka, tunda bakinka ba ya iyawa.

Kada ka je gaban mai gari. Ka bayar a gaban shaidu, za a ce kyauta ce, gari ya sami abin dariya na shekara. Kada kuma ka daina amsa sallama, don zai ce bai san laifinsa ba. Ka kira shi gona, ku biyu kaɗai, ka maimaita masa maganar baduku kalma da kalma, ka yi shiru. Na ga halinka a wasiƙarka: da abu ya yi zafi sai ka mai da shi abin dariya, kowa ya tashi ba a ga raunin ba. Haka ka yi a Tibiri, shi ya sa Inusa har yanzu bai san ubansa kwance yake ba ya iya tashi ranar suna. Sama'ila ma ta wannan ƙofar zai so fita. Kada ka buɗe masa.

Abu ɗaya za ka nema a wurinsa, kuma ba jakar ba ce: ya bi ka Tibiri ya gaya wa Inusa da surukinsa abin da ya faru da bakinsa. In ya yarda, kana da amini wanda ya yi kuskure, ka yafe masa ka rufe maganar. In ya ƙi, ka ci gaba da gaishe shi kamar kowane maƙwabci, ka tafi kai kaɗai, ka kira ɗanka ɗaki ka ɗaga rigarka ya ga bayanka. Ba sai ka ce komai ba.

Allah ya ba ka lafiya, ya kai ka Tibiri kafin ruwa, ya raya yaron ya yi masa albarka.

Mai filin shawara