Na Bar Binta Tana Neman Fuskata

Zuwa ga uwargidana, Hajiya Rabi,

Bayan gaisuwa, da addu'ar Allah Ya kai haske kabarinki. Na san wannan takarda ba za ta same ki ba. Duk da haka sai da na ja mata layi da rula, kin dai san halina.

An saki ruwa a kanal, shinkafar rani ta fara fitar da kai. Gwiwata tana nan yadda kika bar ta.

Binta ce dalilin rubutun nan. Ranar Asabar mata masu turara shinkafa suka zaɓi 'yarmu shugabarsu. Fili ya kaure da tafi da sowa, ita kuwa ta waiwayo tana neman fuskata cikin jama'a. Kin san abin da na yi? Na tashi na nuna wa mai sanarwa agogona, domin an fara taron a makare da minti arba'in. Yau kwana biyar ba ta zo gaishe ni ba, abinci kawai take aikowa.

Jiya na buɗe tsohon ƙamusina don in kauce wa tunani, sai na tsaya kan kalmar da Turawa ke kiran irin wannan sowa, wato cheer. Daga Faransanci suka aro ta, a can kuwa fuska kawai take nufi. Sannu a hankali ta koma sakin fuska, sannan ta zama sowar ƙarfafa wa mutum gwiwa. Shekara talatin ina koyar da wannan a aji, har ina rage makin wanda ya manta. Me ya amfana mini?

Ke ce mai guɗar gidan nan. Ranar da aka ba ni shugabancin makaranta kika rangaɗa ta a tsakar gida, na ce ki rage murya, maƙwabta suna ji. Abin da ban taɓa gaya miki ba shi ne, na shiga ɗaki na tura ƙofa, na daɗe ina murmushi. Me ya hana in bari ki gani?

Na gaji, Rabi. Namiji ba ya guɗa, tafina kuma ba zai kai ko'ina ba. Amma gobe bayan la'asar zan hau mota daga Kura zuwa Bunkure, in yi sallama a ƙofar Binta. Agogon zan bar shi a kan tebur.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Malam Sani, tsohon hedimasta