Bakan Baba ya kwana gidan alƙali

Daren Alhamis, tara ga Rajab, Horo Birni.

Barci ya ƙi zuwa. Yau a Bodinga alƙali ya karɓe bakan da marigayi Baba ya bar mini.

Laifina ne. Kowa ya san ba a shiga kasuwa da baka a ɗane, tun a bakin gari ake sauke tsirkiya. Ni kuwa hankalina yana ga maraƙin da zan sayar, sai na manta. Dogarai sunka tare ni gaban masu gishiri, jama'a na kallo kamar an kama ɓarawo.

Da sunka kai ni gaban alƙali, na durƙusa na ce, "Allah shi gafarta Malam, ban nufi kowa da shi ba. Makiyayi ne ni, kura ta matsa mana."

Ya ce, "Na yarda da kai, Buba. Shari'a ba ta hana ka tsare dukiyarka ba. Amma kasuwa amanar jama'a ce, kibanka kuma da dafi. Bayan wata ukku ka taho ka amsa."

Da ma zagina ya yi, da na sami wanda zan ji haushinsa. Gaskiya ya faɗa, ita ta fi ciwo.

Da na dawo, Inna ta dubi maratayin bakan wayam, ta juya. Tun ranar aurenta da Baba nan take ganin bakan.

Yanzun nan kura ta yi kuka bayan garke, shanu sun miƙe tsaye. Sau biyu hannuna ya kai bango ya dawo. Bari in ɗauki taɓaryar Inna in fita. Allah shi jiƙan Baba, gara da bai ga wannan ba.