Godiya Kan Sauƙin da Innata Ta Samu a Kati

Zuwa ga Shugabar Ma'aikatan Jinya ta asibitin da aka kwantar da mahaifiyata a Suleja,

Assalamu alaikum. Ranki ya daɗe, ya aiki, ya fama da jama'a?

Godiya ce ta sa na rubuto. Mahaifiyata, Inna Rabi, mai ciwon suga, ta yi kwana tara a ɗakin mata saboda gyambo a yatsan ƙafa, kuma ban taɓa ganin wanda ya warke a takarda kamarta ba.

Na farko, ina yaba ladabin nas-nas ɗinki. Kullum da safe sukan tsaya daga bakin gado su tambaye ta ya jiki, ta ce da sauƙi, su rubuta hakan a katinta. Ranki ya daɗe, Inna ta haifi bakwai ta binne uku, babu wanda ya taɓa jin ta ce babu sauƙi. Duk garin nan an san amsar gaisuwa ce, a asibitinku kaɗai ta zama sakamakon awo.

Na biyu, ina jinjina wa kunyarsu. Saboda tsabar girmama tsohuwa, babu wadda ta ɗaga bargonta. Bandejin da aka ɗaure ranar da muka zo shi muka tarar a rana ta tara, alhali ku kuka fi mu sanin ƙafar mai suga kan ruɓe bai ji zafi ba.

Ni ma da nawa laifin, kuma yana cin raina. Da sassafe nake bin motar Abuja zuwa wurin aiki, in dawo da yamma in leƙa kati in tafi gida da murna. Ashe katin nake jinya.

Mai shara ce ta ji wari tana goge ƙarƙashin gado, ta ja ni gefe. Na ɗaga bargon, ƙafa ta yi baƙi har idon sawu. Washegari aka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Katin wannan safiyar ma sauƙi ya rubuta.

Ba na neman a kori kowa. Roƙona, bayan gaisuwa a ɗaga bargo, a kwance bandeji, a duba da ido, a taɓa da hannu. In hakan ya yi nauyi, a ba mai shara biro.

Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya bar ki da ƙafafunki biyu. Inna tana gaishe ki, ta ce in gaya miki da sauƙi.

Wassalam.

Sa'adatu Ladan,
Wambai, Suleja.