Ɗan Farantin Juwairiyya da Kwankwason Gwaggo

Zuwa ga Gwaggo Ramatu, Unguwar Kanawa, Kaduna.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da mutanen gida. Tunda kin rantse ba kya karanta saƙon da ba rubutun hannu ba, ga shi na rubuta na turo hotonsa.

Kin tambayi abin da ya zaunar da ni a ƙasar sanyi. Gwaggo, wani ɗan faranti nake haɗawa, bai fi katin layin waya ba, da hanyoyi sirara kamar gashi a cikinsa. Gefe ɗaya mukan zuba ƙwayoyin ƙashi, ɗaya gefen na kansar nono, mu sa ido ta madubin bincike. Wallahi da idona na ga na kansar sun ratsa cikin ƙashin sun yi lamo. A jikin mutum sukan yi shekaru a haka kafin su farka. Mu kuwa sai mun gano abin da ke tashinsu, in sha Allahu.

Ya kwankwason?

'Yarki, Juwairiyya.

Juwairiyya 'yata,

Wa'alaikumus salam. Shekara talatin ina buga tafireta a ma'aikata, amma na reni mai rubutu kamar tonon kaza!

Kwankwaso sanyin ƙashi ne. Malam Shu'aibu mai ɗori zai zo ranar Asabar ya danne mini shi.

Af, shekaru nawa kika ce ƙwayoyin nan sukan yi? Kin tuna kina ajin ƙarshe a jami'a na tafi Zariya jinyar ƙawata wata biyu? To, babu wata ƙawa. Ni ce aka cire wa nonon hagu. Na hana a faɗa miki saboda jarrabawa, daga baya kunya ta ɗaure ni. Ko likitan ƙashin da na gani bara ban faɗa masa ba, tunda kwankwaso ya tambaya.

Allah ya yi miki albarka.

Gwaggonki.

Gwaggo,

Barka da yini. Na yi kuka, kuma na ji haushinki, ba zan ɓoye ba. Don girman Allah kada Malam Shu'aibu ya taɓa ki. In ƙwayoyin nan ne, ƙashin ya yi rauni, danna shi na iya karya shi. Gobe ki koma wajen likitan, ki fara da maganar nonon kafin ta kwankwaso, ki ce a yi miki hoto. Ko su ne, akwai maganin da ke taka musu birki.

Ki huta lafiya.

Juwairiyya.

'Yata,

Sallama. Na sallami Malam Shu'aibu da goro. Na san bakina ba zai iya ba, sai na kakkaɓe tsohuwar tafireta na buga komai, na miƙa wa likita. An yi hoto. Ƙwayoyin suna nan, wuri ɗaya, a kwankwason dama. Litinin zan fara magani.

Kada ki kuskura ki taho. Ni na riƙe nawa a nan, ke ki koma kan farantinki ki riƙe naki.

Gwaggonki, Ramatu.