Muryar Marigayi a Bakina

Goggo, don girman Allah ki taimaka min, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana bai ce na zautu ba.

Ni shugabar makarantar firamare ce, kuma ina cikin waɗanda ake horarwa don riƙe ofishin ilimi na gundumarmu. Kujerar babu kowa a kanta tun rasuwar shugabanmu da ke riƙe da ofishin bara. A bayan idonsa Angama muke ce masa, domin ba ya barin mutum ya kai aya. Kana cikin bayani zai yi gyaran murya, ya ƙwanƙwasa makulli a tebur, ya ce an gama magana. Allah Ya jiƙansa, amma na sha kuka a banɗakin ofishin nan saboda shi, na kuma sha rantsuwa in na samu iko ba zan yi wa kowa haka ba.

Mai horar da mu ta ɗora mana wani aiki. Duk taron da muka jagoranta mu ɗauki sautinsa a waya da izinin mahalarta, mu zauna mu kaɗai mu saurara, mu tambayi kanmu me muka yi, me ya sa, me za mu sake. Na ɗauka wasan yara ne.

Ranar da na fara, an tashi makaranta, ɗakin malamai ba kowa sai fanka da ke juyawa da kofunan shayi da ba a wanke ba. Na kunna. Malamar aji uku tana bayanin rufin ajinta da ke yoyo, sai na ji gyaran murya. Sai ƙwas, ƙwas, makulli a tebur. Sai wata murya ta ce an gama magana. Muryar mace ce, tawa ce, amma jan kalmomin da saukarsu duk nasa ne. Wallahi ban tuna na faɗi haka ba, ban ma san makulli yana hannuna ba. Bayan nan ɗakin ya yi tsit a cikin wayar, irin shirun da na sani sarai, don na sha zama a cikinsa.

Ina cikin maimaitawa mataimakina ya dawo ɗaukar hularsa. Dattijo ne, ya yi aiki da marigayin tun suna samari. Ya tsaya turus a bakin ƙofa yana salati, ya ce daga baranda ya ɗauka marigayin ne a ciki.

Tun daga nan kowane sauti na kunna sai na same shi. An kai mu ziyara ofishin gunduma, aka ce in gwada kujerar. Ta lotsa ta gefen hagu inda yake jingina, kuma jikina ya faɗa cikin lotsawar daidai kamar an auna ni. Maigidana ya ce in daina tono abin da ke binne, in share sautukan, a yi min addu'a. Yayata ta ce kujerar ce ba ta da kyau. Ni kuwa har na fara tsoron buɗe baki a gaban malamaina. Wata mai zuwa za a tantance mu, kuma zuciyata na ce min in janye. Shin in janye ne, ko in daina sauraron in ci gaba kamar ban ji ba?

Taki,
Wadda ta daina gane muryarta

'Yata, na karanta wasiƙarki har ni ma na waiga bayana. Ba zan ce miki tsoron banza kike ji ba. Addu'a kuwa ki riƙe ta, ki haɗa da marigayin a ciki, ba ta taɓa yi wa kowa yawa ba. In kika fara jin muryar a inda babu waya, ko barci ya ƙaurace miki, ki ga likita ba tare da jin kunya ba.

Amma ba na jin mamaci ne ya tashi. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Shekaru kina kallon mutum ɗaya yana mulki, jikinki ya haddace shi alhali bakinki yana rantsuwa. Wayar ba ta kawo shi ba, ta nuna miki ne kawai. Malamanki sun daɗe suna jinsa, ke ce ta ƙarshe da labari ya iske.

Maigidanki yana da gaskiya a wuri ɗaya: kin mayar da sauraron azaba. Ba a ce ki zauna ke kaɗai a ɗakin da ba kowa kina maimaita abu kamar mai zaman makoki ba. Sau ɗaya a mako ya isa, kuma ki nemi wata cikin abokan horonku ku saurara tare. Ki daina tsayawa a kan ƙwanƙwasar, ki koma baya kaɗan ki ji abin da aka faɗa kafin ta. Ina kyautata zaton za ki tarar kullum tana zuwa ne lokacin da aka kawo matsalar da ba ki da maganinta, kamar rufin nan. Wataƙila shi ma abin da ke sa shi ke nan, bawan Allah. Ki bar makullin a jaka. In an zo wurin, ki ce ban sani ba tukuna, ƙarasa maganarki. Sannan ki je ajin malamar nan ki ɗaga kai ki dubi rufin da idonki. Kujera kuma katako ne da soso, in kin samu ofishin ki sa a sake ta.

Batun janyewa, ban goyi baya ba. Duk waɗanda ke layin nan tare da ke a hannunsa suka tashi, kuma da wuya a ce ke kaɗai kika kwaso shi. In kika janye, ofishin zai faɗa hannun wanda ke ɗauke da muryar nan bai taɓa jin ta ba, kuma malamanki ne za su zauna a gabansa su yi shiru. Ki je a tantance ki, 'yata. Allah Ya ba ki sa'a, Ya sa ki zama mai barin mutane su kai aya.

Goggo