Zobe Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

Los Maitenes, 9 ga Oktoba

Zuwa ga jikana Nibaldo, mai kai kamar kabewa,

Kafin gaisuwa, tunda kai ne mai digiri, faɗa mini: wace ce ke da zobe ba miji, gwamnati ta tsaya mata, amma ba ta da mai gadi ko ɗaya?

Yanzu gaisuwa. Ina fata kana lafiya, kai da matarka mai dafa shinkafa kamar tsakuwa. Ni dai ban mutu ba, ko da yake duk ƙauyen nan sun gama shiri.

Ka tuna ranar da kuka zo da motar ofis, kuka buɗe akwati a gindin dutse kuka saki tsuntsaye, kuka karanta mana doka, wai duk wanda ya taɓa tsuntsayenku sai kotu? To, duk faɗin dajin nan, babbar cikinsu ba ta ga wurin zama ba sai ɓauren bayan kicin ɗina. Ka san mutanenmu: ta yi kuka a kan gida, an gama da mai gidan. Ni kaɗai ce a gidan, saboda haka ba a yi musu ba.

Sai romon kaza ya fara zuwa daga kowace ƙofa. Fadan cocinmu ya leƙo sau biyu, wai wucewa yake. Gwaggonka Uberlinda ta watsa gishiri a murhuna, ta kife mini takalma, tana yi tana auna keken ɗinkina da ido. Na ce mata ta kawo tef ta auna da kyau, kunya ba ta kisa.

Ni kuwa ɓeraye sun bar mini masarata, karo na farko tun rasuwar kakanka. Aikin tsuntsuwar ne, har suna na sa mata, Hakima.

Sau huɗu na buga wa ofishinku waya cewa Don Floridor maƙwabcina yana shafa wa bindigarsa mai. Aka ce in cika takarda. Takarda, Nibaldo! Kun rubuta doka kun tafi da ita birni, kun bar tsohuwa da tsintsiya tana gadi.

Talata da tsakar rana, Hakima tana barci, ya yi abin da ya yi. Ya shigo da hula a hannu, wai ya cece ni, yana jiran godiya. Da ludayi na raka shi har titi.

Ta bar 'ya'ya biyu. Suna cikin kwandon burodina, ina ba su zuciyar kaza ɗanya, ƙaramin ya daina karɓa tun jiya. Na san dokarku ta hana ni ajiye su. To, zo ka kama ni, ja'iri, amma ka zo da likitanku kafin Juma'a.

Ka gaida matarka. Allah ya tsare mini kai, har in samu kunnen da zan murɗe.

Kakarka da ta ƙi mutuwa,
Herminia

Af, amsar. Mujiyarka ce. Zoben da kuka sa mata a ƙafa, mai lamba arba'in da ɗaya, yana cikin ambulan ɗin nan.