Ramin da Baba Ya Buɗe da Filaya

Zuwa ga Yayana abin ƙauna,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau, Mama ma ƙafar ta yi sauƙi. Sai dai Baba, wanda ya hana a gaya maka, ni kuwa na gaji da haɗiye magana.

Ka san halinsa, shekara arba'in yana gyaran injin ɗinki, gani yake babu abin da ya fi ƙarfin filaya. Turmin haƙorinsa na sama ya dame shi, sai ya rufe shago ya fizge shi da kansa. Mako uku yana shan shayi fuskarsa a bango, ashe in ya kurɓa ta hanci yake zubowa. Ranar da na gani, wallahi na ce sai mun ga likita.

Da ƙyar na ja shi asibiti. Likita ta ɗaga hoton ƙashin ta nuna mana cewa muƙamuƙin sama ba dunƙulallen ƙashi ba ne. Biyu ne, sun haɗu a ƙarƙashin hanci, su ke riƙe da haƙora, su ne rufin baki, a kansu ido yake zaune. Kowanne da kogo a ciki mai ƙofa zuwa hanci, kuma saiwar turmi takan kai har gindin kogon. Nan Baba ya huda. Ta ce in ba a ɗinke ba mugunya za ta taru, ta ba mu ranar Alhamis.

Ya ce ba zai je ba. Na ɗauka tsoro ne, ashe kunya ce ke cinsa. Jiya na tarar da shi a shago yana bin hoton da yatsa a hasken taga, ya ce duk rayuwarsa faɗa yake wa masu taɓa injin da ba su san cikinsa ba. Tausayinsa ya kama ni.

Yaya, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma wannan naka ne, maganarka kaɗai yake ji. Ka kira shi kafin Alhamis. Kada ka yi dariya, kada ka yi faɗa, ya riga ya yi wa kansa wanda ya isa. Ka ce masa kawai ko gwani yakan kai nasa gyaran wurin wani.

Mama da Gwaggo suna gaishe ka. Ka gaida Anti da 'yan biyu.

Taka har kullum,
Auta